Kai Waifai Sashen Hajiya da Tsohuwar Rauta: Littafin Aiki

Asabar, 5 ga Afrilu

Rautar gidanmu mai layin 4G a falona take, kan tagar da ke kallon titi, don nan kaɗai take kama sabis mai kyau. Daga nan zuwa sashen Hajiya akwai bangon bulo uku, ga kicin, ga tsakar gida. A ƙofar ɗakinta waya na nuna sanda ɗaya, ana shiga ciki kuma ta ɓace. Aikin da na sa a gaba shi ne a kai mata waifai har ɗaki, ita da ɗakin samarin da ke jikin nata, ba tare da an sayi layi na biyu ba.

An ba ni shawarar in sayi 'yar na'urar nan da ake sokawa a soket tana maimaita sigina. Ban ɗauka ba. Rediyo ɗaya gare ta, da shi take karɓa da shi take turawa, don haka gudun yakan ragu kusan rabi, kuma abin da za ta maimaita ɗin dama raunanne ne. Kebul ya fi. Akwai tsohuwar rauta a durowa tun lokacin da muka rufe shago: zangon 2.4 GHz kawai take yi, kafofin LAN huɗu masu megabit 100 na haɗa na'urorin cikin gida, kafar WAN ɗaya ta shigowar intanet, adafta mai bolt 9. Ta isa.

Kafin hawa silin na gwada komai a kan tebur da guntun kebul. Na danna mata riset, na soka kebul daga babbar rauta zuwa kafar WAN ɗinta. Waifai ya fito, waya ta haɗu, intanet babu. Dalilin bai ɓuya ba: su biyun duka 192.168.0.1 ne adireshinsu na asali, wato lambar IP da ake gane kowace na'ura da ita, ita ƙaramar ta rasa ina ne ciki ina ne waje. Wasu rautocin kan gane haka su sauya adireshi da kansu, wannan ba ta cikinsu. Na mai da ta 192.168.1.1, nan take intanet ya zo.

Sai dai ba haka nake so ba. A wannan tsarin gida ya rabu biyu, duk wayar da ke kan ƙaramar tana bayan wani shinge, manhajar firinta ba ta ganin firintar da ke falo, ni ma daga falo ba na iya shiga shafin saitin ƙaramar. Gobe zan sake lale.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Tsarin da na zauna a kai: ƙaramar rauta ta daina aikin rauta gaba ɗaya, ta koma mai watsa waifai kawai. Mai raba adireshi a gidan ya zama ɗaya, wato babbar.

Na cire ta daga jikin babbar, na haɗa ta da laftof ita kaɗai. Na fara ba ta adireshin 192.168.0.2, tunda babbar daga .100 zuwa .199 take rabawa, ba wanda zai faɗo kan .2. Bayan ta sake tashi na shiga da sabon adireshin, sannan na kashe DHCP, wato tsarin da ke raba wa na'urori adireshi. Wannan jerin yana da muhimmanci. In aka fara kashe DHCP, laftof ba shi da mai ba shi adireshi, sai ya laƙa wa kansa wani mai farawa da 169.254, shafin saiti ya ƙi buɗuwa, sai mutum ya sa adireshi da hannu ko ya koma riset.

Kebul kuma daga LAN zuwa LAN. Kafar WAN na toshe ta da baƙin salatif don launinta daban ne, ita ce ke fara jan idon duk wanda ya ga kebul a ƙasa. Tsaro na sa WPA2 da AES zalla, ban bar shi a gauraye da tsohon tsarin tsaro na TKIP ba, don TKIP na mai da gudun waifai baya zuwa megabit 54. WPS, hanyar shiga waifai ba tare da rubuta kalmar sirri ba, na kashe. Adireshi da kalmar sirrin shafin saiti na rubuta a takarda na manna a ƙarƙashinta.

A kan tebur komai lafiya. Waya ta samu 192.168.0.104, firinta ta bayyana.

Talata, 8 ga Afrilu

Sayayya a Beirut Road, Kano. Na auna hanya da igiya jiya, mita 35 da ɗoriya, na sayi 40. Iyakar kebul irin wannan mita 100 ne, muna nesa da ita.

Iri biyu aka nuna mini, duka an rubuta Cat6 a jiki, ɗaya kusan rabin kuɗin ɗayan. Na nemi a yanko mini guntu daga kowanne na kankare da reza. Mai arahar na kankarewa sai fari ya fito, alminiyam ne aka shafa masa jan ƙarfe. Zai yi aiki a wannan tsawon, amma yana saurin karyewa in an lanƙwasa, ni kuma ba na son hawa silin sau biyu. Na ɗauki mai jan ƙarfe zalla.

Kebul mita 40 a kan 750 kowace mita, naira 30,000. Kawunan RJ45 da ake matsewa a bakin kebul guda 10, 1,500. Fayif na roba guda 6, 5,400. Kilif da ƙusoshi 1,500. Filayar matse kai da na'urar gwaji zan ara wurin wani abokina mai kafa kyamarorin tsaro.

Asabar, 12 ga Afrilu

Mun fara ana idar da sallar Asuba, don a wannan watan in rana ta ɗaga ba mai iya zama tsakanin kwano da silin. Mai wayarin ɗin unguwa ya hau, ni ina ƙasa ina miƙa kebul. Daga falo ya bi silin zuwa bayan kicin, ya fito ta ƙarƙashin rufi, ya shiga fayif ya bi jikin katanga zuwa barandar Hajiya. Na roƙe shi ya raba shi da wayoyin wuta, inda dole su haɗu kuma ya gicciya kada su yi tafiya tare. Ya ce to, da alama ya yi.

An kira ni waje kafin a gama, na dawo na tarar har ya matse kawunan biyu ya gwada. Fitilun na'urar gwaji daga 1 zuwa 8 suna bin juna daidai. Na ɗora rauta kan wadirof ɗin falon Hajiya, na soka a soket, sanduna suka cika. Kuɗin aikinsa 7,000.

Hajiya ta kira ƙanwata da ke aure a Yamai ta bidiyo tana zaune a kan gadonta. Ta ce, “Allah Ya yi albarka, ɗan nan.”

Litinin, 14 ga Afrilu

Samari sun fara ƙorafin wai na baya ba ya gudu. Na ɗauka irin ƙorafinsu ne na kullum, amma na gwada. A falona da dare ina samun megabit 20 da wani abu, a baya ko an manna waya a jikin rauta ba ya wuce 9. Kullum 9, ba ya hawa ba ya sauka sosai. Sabis ba ya tsayawa cak a lamba ɗaya haka, akwai abin da ya shaƙe shi.

Laraba, 16 ga Afrilu

Na zare kebul daga ƙaramar rauta na soka a laftof kai tsaye, na duba bayanin haɗin. Megabit 10 aka rubuta, ba 100 ba. Ke nan waifai ba shi da laifi, na'urorin biyu ne suka kasa jituwa a kan 100 suka sauko.

Na haska kan kebul ɗin da tocila. Ga yadda aka jera: lemo da farinsa, kore da farinsa, shuɗi da farinsa, ruwan ƙasa da farinsa, kowane tagwaye kusa da juna, tsaf kamar a littafi. Ɗaya kan ma haka. Na kira mai wayarin na nuna masa, ya ce, “Maigida ai in dai launi ya zo ɗaya a kai da kai shi ke nan, ga ma na'ura ta tabbatar.” A aikinsa na wuta gaskiya ya faɗa. A nan kuwa ba launi ne zancen ba, murɗa ce. Wayoyi takwas ɗin nan bibbiyu aka murɗa su, kuma saƙo ɗaya a kan tagwaye ɗaya yake tafiya don murɗar ta kashe hayaniyar da ke shiga. A cikin fil takwas na kan kebul, wato 'yan ƙarafan da wayoyin ke shiga, haɗin megabit 100 na 1 da 2 yake amfani da su, sai na 3 da 6. A jerinsa fil na 3 daga koren tagwaye ya fito, na 6 daga shuɗi. An raba tagwaye. A guntun kebul na mita ɗaya ko biyu mutum ba zai taɓa lura ba, a mita 35 sai abin ya fito. Ita kuma na'urar gwaji mai araha iyakacinta ta ce wuta ta bi daga 1 zuwa 1, daga 2 zuwa 2. Ba ruwanta da wane ne abokin murɗar wane.

Na yanke kawunan na sake da jerin T568B: farin lemo, lemo, farin kore, shuɗi, farin shuɗi, kore, farin ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Kada a warware murɗar fiye da yadda kan ke buƙata, kuma rigar kebul ta shiga cikin kan don haƙorin roba ya kama ta. Laftof ya nuna 100. Gwajin gudu a baya ya kamo na falo.

Mai wayarin ya ɗauki hoton jerin a wayarsa, ya ce akwai wani gida da zai koma.

Asabar, 19 ga Afrilu

Lafiya ƙalau. Na ƙara kilif a inda fayif ya saki jikin katanga.

Talata, 22 ga Afrilu

Saƙo daga uwargida ina wurin aiki: Hajiya ta ce waifai ya cika amma ba ya tafiya. Na tambaya ko akwai wuta, ta ce an ɗauke tun hantsi.

Abin da ke faruwa: soket ɗin falon Hajiya yana kan 'yar solarta, wadda aka sa mata don fanka da fitila. Falona ba ya kai. In an ɗauke wuta babbar rauta ta mutu, ƙaramar na nan daram tana watsa suna da cikakkun sanduna, bayanta kuwa babu komai. Wayar da ta riga ta karɓi adireshi sai ta ce ta haɗu amma babu intanet, wadda ta zo daga baya ta yi ta juyi tana neman adireshin IP. Sandunan nan ƙarfin sigina tsakanin waya da rauta kawai suke nunawa. Na yi wa mutanen gida wannan bayanin, ban ga alamar ya shiga ba, a wurinsu dai sabis ne ba kyau.

Abin da ya fi damuna, wasu wayoyin in suka ga waifai ba intanet sai su koma kan datar layinsu ba sallama. Ɗaya daga cikin samarin ya ƙarar da tasa yana kallon ƙwallo yana zaton ta gida yake ci.

Magani: batir ga babbar rauta.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Na sayo ƙaramar UPS ta rauta, wato batirin da ke riƙe ta in an ɗauke wuta, mai fitar da bolt 5 da 9 da 12, naira 28,000. Babbar bolt 12 take ci. Bakin fulogin nata da na ƙaramar kusan ɗaya ne, don haka na naɗa jan salatif a wayar 12, kada wata rana a haɗa mai 9 da 12. Da aka ɗauke da yamma ta riƙe har bayan Isha'i ba ta mutu ba. Ban gwada iyakarta ba tukuna.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Jiya gidan gaba ɗaya ya rikice, har da falona da bai taɓa samun matsala ba. Shafi ya buɗe, na gaba ya ƙi. WhatsApp ya tura saƙo ɗaya ya riƙe uku. Waya ɗaya na aiki, ta kusa da ita ba ta yi. Na duba data, akwai. Fitilar sabis a babbar rauta shuɗiya ce kamar kullum. Na zare layin na sa a waya, intanet garau. To ba daga waje ba ne.

Na buɗe 192.168.0.1 a burauza don in duba babbar, sai ga shafin ƙaramar rauta yana neman in zaɓi sabuwar kalmar sirri. Na sake lodawa, sai ga na babbar. A laftof na buga arp -a, umarnin da ke nuna wace na'ura ke amsa wane adireshi, na jira kaɗan na sake, lambar MAC (lambar shaidar kowace na'ura) da ke gaban 192.168.0.1 ta canza. Na'urori biyu ke amsa suna ɗaya. Na je na zare dogon kebul daga bayan babbar, kafin in koma kujera komai ya daidaita.

Na tafi baya. Sunan waifai ɗin da na sa babu shi, sai sunan da ta zo da shi daga masana'anta. Ɗan yayana ya sunkuyar da kai. “Baffa, wallahi gyara na so in yi. Na ga ba ya tafiya ne, a bidiyo aka ce a sa tsinke a ramin nan a riƙe.” Ashe da rana babbar rauta ce aka zare aka sa cajin waya a gurbinta, ya ga abin ya tsaya ya ɗauko tsinken sakace.

Riset ya mayar da ita yadda aka haife ta: adireshi 192.168.0.1, DHCP a kunne. Tunda ta LAN take haɗe, rabon adireshin nata ya bi kebul ya zo har falo. Duk wayar da ta nemi adireshi, wanda ya riga amsawa shi ta bi, kuma ko ta samu daga babbar, in ta tashi fita waje tana iya faɗawa hannun ƙaramar, wadda ba ta da hanyar ko'ina. Ba a sarki biyu a gari ɗaya.

Na sake saita ta daga farko. Abu biyu na ƙara. Na farko, na sauke kwafin saitin na ajiye a laftof da waya, in ta sake faruwa lodawa kawai zan yi. Na biyu, na tashi gidan daga 192.168.0 kacokan: babbar ta koma 192.168.50.1, ƙaramar 192.168.50.2. Wannan ba zai hana ta raba adireshi ba in an sake yi mata riset, amma ba za su yi karo a suna ɗaya ba, kuma ganewa ta yi sauƙi. Duk wayar da na ga adireshinta ya fara da 192.168.0, na san an taɓa tsinke. Firinta ta buƙaci a sake nuna mata hanya, ita ta fi cin lokaci.

Ramin riset ya samu nasa salatif ɗin. Yaron kuma na zaunar da shi ya ga yadda ake saitin, don na lura hannunsa ba zai daina ƙaiƙayi ba, gara ya san abin da yake taɓawa.

Laraba, 30 ga Afrilu

Shiru. UPS na aiki.

Asabar, 3 ga Mayu

Sabon ƙorafi, daga baya kawai: tsakanin Azahar da La'asar waifai na ɓacewa ya dawo. Da safe da dare babu matsala.

Yau ina gida, na bar laftof a falona yana ping -t 192.168.50.2 tun hantsi, wato yana ta ƙwanƙwasa wa ƙaramar yana jiran amsa. Ta kebul amsar ba ta wuce milisakan ɗaya ko biyu. Wajen ƙarfe biyu sai ta yanke na kusan minti ɗaya ta dawo. Can kuma ta sake. Na shiga shafin ƙaramar, wurin da ke nuna tsawon lokacin da ta yi a kunne yana cewa minti huɗu. Ke nan ba sigina ke ɓacewa ba, ita kanta ke mutuwa ta tashi.

Na hau kujera na taɓa ta a kan wadirof. Da zafi, ga ƙura ta toshe ramukan iska, ga silin tazarar taki ɗaya a samanta yana sauko da zafin kwano. Na sauko da ita na kakkaɓe da burushi na ajiye a kan tebur kusa da fanka. Ya ragu, bai daina ba.

Litinin, 5 ga Mayu

Adafta ce. Mita na nuna bolt 9 da ɗigo in ba a haɗa ta da komai ba, wanda ba ya nufin komai, don tsohuwar adafta tana iya nuna lafiya a wofi ta durƙushe in an ɗora mata kaya. Abin da ya tona ta: na kai UPS baya na ɗan lokaci na ba ƙaramar wuta ta kafar bolt 9, samari uku suna kallon bidiyo a lokaci ɗaya da tsakar rana, ko gezau. Na mayar da tsohuwar adafta, ba a jima ba fitilu suka ɗauke suka dawo. Kusa da kunne ma tana wani siririn kuka.

Sabuwa: bolt 9, amfiya 1, naira 3,500. Ta asalin 0.6 ce. Amfiya ta fi yawa ba laifi, na'ura abin da take buƙata take ja. Bolt ne ba a wasa da shi, sai kuma a duba zanen da ke jiki a tabbatar tsakiyar fulogi ce mai alamar tarawa kamar ta da.

Rautar na rataye ta a bango da ƙusa biyu, sama da kai kaɗan, nesa da silin, eriya a tsaye.

Asabar, 10 ga Mayu

Ranar gyaran sigina. Na sa manhajar duba waifai a waya na zaga gida. A tsakar gida sunaye sun fi goma, na maƙwabta da na wayoyin da aka kunna wa hotspot, yawancinsu a tasha ta 6 da kewayenta. A zangon 2.4 tashoshi uku ne ba sa hawa kan juna, 1 da 6 da 11. Rautocina biyu na kan zaɓi da kanka, kuma na same su duka a 6 suna gasa da juna. Na kafe babbar a 1, ƙaramar a 11, faɗin tasha 20 MHz. Faɗin 40 na da kyau a takarda, a unguwa mai cunkoso kuwa rigima kawai yake ƙarawa.

Sai maganar suna. Tun farko suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya na ba su, don waya ta riƙa sauyawa da kanta. A aikace ba ta yi. Na taso daga falo zuwa barandar Hajiya, ina tsaye ƙarƙashin ƙaramar rauta wayata na nan maƙale da babbar a kan -78 dBm, alhali ga -40 a saman kaina (ma'aunin ƙarfin sigina ne, wanda ya fi kusa da sifili ya fi ƙarfi). Waya ce ke yanke shawarar sauyawa, ba rauta ba, kuma yawancinsu ba sa saki sai abin ya kusa tsinkewa. Sababbin na'urori suna da hanyar zungurar waya ta koma kusa, tsofaffin nan ba su da ita. Na rage ƙarfin watsawar ƙaramar zuwa matsakaici, ya taimaka wajen dawowa falo, bai taimaka wajen tafiya baya ba, babbar kuma ba ta da wurin ragewa.

A ƙarshe na raba sunayen, ɗaya Gaba ɗaya Baya. Wayar Hajiya Baya kawai ta sani, ta uwargida Gaba kawai. Masu yawo tsakani ni ne da samari, mu mun iya sauyawa da hannu. Masana za su ce wannan koma baya ne. A gidan nan dai ya fi, don yanzu in an ce ba ya tafiya, tambayar farko tana da amsa: wanne?

A gadon Hajiya -58. Kiran bidiyo yakan so -67 ko abin da ya fi, akwai sarari.

Laraba, 14 ga Mayu

Datar wata ta ƙare saura kwanaki. An gudu ba a tsira ba. Jerin na'urorin da ke kan babbar rauta ya nuna wasu da ban sani ba. Ba sai an faɗa wa kowa kalmar sirri ba, tun daga Android 10 waya na fitar da lambar QR, aboki ya ɗauka ya shiga.

Na shiga ƙaramar don in taƙaita gudun ɗakin samari, sai na tuna ba zai yi ba. Taƙaita gudu da tsarin kula da yara duk a kan abin da ya ratsa kafar WAN suke aiki, ita kuwa salatif ne a kanta. Jadawalin kashe waifai da dare ma ya ƙi, saboda agogonta ta WAN yake neman lokaci, duk tashin da ta yi sai ya koma wata tsohuwar shekara. Wannan shi ne kuɗin da ake biya in an mai da rauta mai watsawa kawai. Duk wani iko ya koma hannun babbar.

Toshe baƙuwar waya ta lambar MAC ba ya ɗorewa, don wayoyin yanzu na ƙirƙirar lambar bogi ga kowane waifai, yaro mai wayo ya sauya saiti ɗaya ya dawo da sabuwar fuska. Akasin haka ya fi: jerin waɗanda aka yarda da su kawai. Tace MAC na ɓangaren waifai yana aiki a ƙaramar tunda a rediyo yake, ba a WAN ba. Na sa shi a Baya, na canza kalmar sirri. Gaba na bar shi haka saboda baƙi.

Na kuma bi wayoyin gida ɗaya bayan ɗaya: na nuna musu waifai ɗin nan mai awo ne, na kashe saukar da bidiyo da kansa a WhatsApp, na hana sabunta manhajoji ba izini. A wayar Hajiya na sami zaurukan 'yan'uwa da na Islamiyya suna sauke duk abin da aka turo, har wanda ba ta taɓa buɗewa ba.

Lahadi, 18 ga Mayu

Ba labari. Ƙaramar ta nuna kwanaki a kunne ba ta mutu ba.

Asabar, 24 ga Mayu

Hadari ya haɗo daren jiya, iska da ƙura da tsawa, ruwan kaɗan ne. Na tashi na zare dogon kebul ta kai biyun kafin ya ƙaraso. Kafofin kebul suna da 'yar kariya a ciki, shi ya sa bambancin wutar sola da ta gari bai dame su ba, amma ba a yi ta don tsawa ba. Ba sai aradu ta faɗo kan gida ba, in ta sauka kusa, waya mai tsawon mita 35 a jikin katanga na iya ɗaukar abin da zai ƙona kafa, ko ya wuce ciki ya kashe rautocin biyu.

Da safe na duba fayif. A gwiwar da ke bayan kicin bakin yana kallon sama, ruwa ya ɗan shiga. Na juya shi ƙasa, na bar kebul ya ɗan yi lanƙwasa kafin ya shiga bango don ɗigon ruwa ya sauka a waje, na toshe ramin da silikon ɗin da ya rage daga aikin taga. Na mayar da kebul, 100 ya nuna, ping lafiya.

Abin da aka kashe zuwa yau: kebul da kawuna da fayif da kilif 38,400, mai wayarin 7,000, UPS 28,000, adafta 3,500. Jimla naira 76,900. UPS ɗin ko babu wannan aikin da ma ana buƙatarta.

Saura kariyar tsawa ta kebul, guda biyu, kowane kai ɗaya. Amma ba ta da amfani in babu wayar ƙasa ta gaske da za ta zubar da wutar, ni kuma ina shakkar ko an taɓa kafa sandar ƙasa a sashen baya, don tsohon gini ne. Mai wayarin zai zo Talata ya duba. In babu, sai an kafa sannan in saya. Kafin nan ɗan yayana ne mai zare na baya in hadari ya taso, ni na gaba, na kuma nuna masa kafar da zai mayar, ta ɗaya, ba mai salatif ba.